ƘWAN DA KE BARCI A CIKIN GWANGWANI: DARASI GA MASU ƘYANƘYASAR KIFI

Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a Jihar Filato. Tun farkon shekarun 1950 aka haƙa tafkunan gonar kifi ta Panyam a ƙasar Mangu, a 1954 kuma aka kawo mata wani kifi da Turawa ke kira kaf daga ƙasar Ostiriya, domin an ga sanyin tudun Jos zai karɓe shi. A yau tarwaɗa ce ta mamaye sana'ar, har ya zama mutane da dama a Jos da Bukuru da kewayensu suna ƙyanƙyashe 'ya'yanta a bayan gidajensu, suna sayar wa masu tafki.

Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san inda gizo ke saƙar. Idan an yi wa uwar tarwaɗa allura, aka tatse ƙwanta, aka haɗa shi da ruwan namiji, cikin kwana guda sai a ga dubban 'ya'ya suna motsi a kwandon ƙyanƙyasa. Kwana uku suna rayuwa da guzurin gwaiduwar da ke manne a cikinsu. Ran da guzurin ya ƙare, ran nan ne asara ke farawa, domin kuwa bakinsu ƙanƙane ne ƙwarai, hanjinsu kuma bai ƙosa ya narkar da abinci mai nauyi ba. In ba a ba su abin da ya dace da su ba cikin kwana ɗaya ko biyu, sai su yi ta mutuwa, waɗanda suka saura kuma su shiga cin junansu.

Abin da aka fi dogara da shi a wannan gaɓa shi ne wani gari mai launin ƙasa-ƙasa da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje a cikin gwangwani, wanda ake kira Atemiya. Tsadarsa ba ta ɓuya ga kowa ba, tun da da kuɗin waje ake sayo shi. Amma da yawa daga masu saye suna ɗaukarsa kamar garin masara ko dusa, su ajiye shi inda suka ga dama. Wannan gari kuwa mai rai ne. Kowane ɗan ƙwayarsa tayi ne da ke barci, kuma wanda ya fahimci yadda barcin yake, shi zai san yadda zai adana shi da yadda zai tashe shi.

MENE NE ATEMIYA?

Atemiya wata 'yar halitta ce dangin jatan lande, tsawon babbarta bai wuce santimita guda ba sai kaɗan. Tana zaune a tafkuna masu gishirin da ya fi na teku nesa ba kusa ba, inda kifi ba zai iya rayuwa ba balle ya cinye ta. Mafi shahara cikin waɗannan wurare shi ne Babban Tafkin Gishiri na Jihar Yuta a Amurka, inda ake kwasar ƙwanta a saman ruwa daga watan Oktoba zuwa Janairu. Ana kuma samunta a Saberiya da Kazakistan da Sin. A Kenya an kai ta gonakin gishiri na Malindi a tsakiyar shekarun 1980, ta kuwa zauna.

A 1933 ne wani masanin kifi a San Faransisko, Alvin Seale, ya ba da labarin cewa 'ya'yan wannan halitta abinci ne mai kyau ga jariran kifi, a 1939 kuma Rollefsen na ƙasar Norwe ya tabbatar da haka. Abin da ya sa duniya ta rungumi abin shi ne sauƙinsa: a ajiye busasshen ƙwai shekara da shekaru, ran da ake bukata a zuba shi a ruwan gishiri, kashegari a sami abinci mai rai yana iyo. Giram ɗaya na garin yana ɗauke da ƙwai tsakanin 200,000 da 300,000.

HANYA BIYU TA HAIHUWA

Uwar Atemiya tana da hanya biyu ta haihuwa. Idan zamani na daɗi ne, abinci ya wadata, ruwa bai yi gishiri fiye da kima ba, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikin jakarta, ta haifi 'ya'ya masu iyo. Idan kuwa ta ji alamun wahala na tafe, watau yini ya fara gajarta, ko sanyi ya kawo jiki, ko ruwa ya fara ƙafewa, sai ta sake dabara. Tayin da ke cikinta yakan fara girma kamar kullum, amma da ya kai wani mataki sai ya tsaya cik, a lulluɓe shi da ɓawo mai tauri, ta zubar da shi a ruwa.

Domin a gane wannan tsayawa, sai an san abu biyu. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ba a ganinsu sai da madubin likita, waɗanda a wannan darasi za mu kira tubalan jiki. Girman tayi shi ne tubali ɗaya ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, haka har jiki ya cika. A cikin kowane tubali kuma akwai wani dogon rubutu na sinadari da ake gada daga iyaye, wanda masana ke kira DNA. Kowane yanki na rubutun da ke ɗauke da umarnin ƙera wani furotin guda, shi ake kira ƙwayar gado. Ba duka ake aiki da su a lokaci guda ba. Jiki yakan kunna waɗansu ya kashe waɗansu gwargwadon halin da yake ciki.

Tayin Atemiya yana tsayawa ne yana da tubala kimanin 4,000. Cikin 'yan makonni shaƙar iskarsa takan ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Mai karatu zai tuna da gaiwa, wadda ke shiga taɓo idan fadama ta ƙafe, ta kwanta har damina ta dawo. To, ita gaiwa da sauran danshi a jikinta, tana kuma numfashi a hankali, tana cin tsokar jikinta har ta rame. Shi wannan tayi yakan bushe ƙurmus, ya zama ba a iya auna wani motsin rai a cikinsa. Wani masani na Jami'ar Kalifoniya, James Clegg, ya ba da rahoto a 1997 cewa ya ajiye jiƙaƙƙen ƙwan a inda babu iskar oksijin ko kaɗan har shekara huɗu, da aka fito da shi kuma da yawa suka ƙyanƙyashe. Tun a 1972 ma an ɗauki ƙwan a kumbon Apollo 16 da Apollo 17 zuwa wata, don a ga abin da hasken sararin samaniya zai yi masa.

ƘWAYOYIN GADON DA KE TSARON BARCIN

An daɗe da sanin cewa tayin yana tara wani irin sukari da ake kira tirehalos, har ya kai kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsa a bushe. Yayin da ruwa ke fita daga jiki, wannan sukari yakan maye gurbinsa, sa'an nan ya sandare kamar alewar da ta huce, ya riƙe kowane abu na cikin tubali a mazauninsa. Amma sukari kaɗai bai isa ba. Abin da bushewa da zafi ke yi wa furotin shi ne irin abin da wuta ke yi wa farin ƙwan kaza: ya dunƙule, ba ya kuma komawa yadda yake. Saboda haka tayin yana bukatar masu gadi, kuma ƙwayoyin gado ne ke ƙera su.

Hanyar da masana suka bi suka gane aikin kowace ƙwayar gado abin sha'awa ce. Sukan yi wa uwar Atemiya allurar wani sinadari da ke toshe bakin ƙwayar gado guda ɗaya tak, sa'an nan su jira su ga abin da zai sami ƙwan da za ta zubar. Kamar dai a zare ƙusa ɗaya daga jikin amalanke a ga wane sashe zai faɗi.

Babban mai gadin shi ne wani furotin da ake kira p26, wanda tayi mai shirin barci ke ƙerawa da yawan gaske, alhali 'yan'uwansa da za a haifa da rai ba su damu da shi ba. Aikinsa shi ne ya rungumi sauran furotin ya hana su dunƙulewa. A 2012 Thomas MacRae da abokiyar aikinsa a Jami'ar Dalhousie ta Kanada suka toshe ƙwayar gadon p26. Ƙwan da aka samu ya kasa jure bushewa da ƙanƙara kamar sauran, wanda dama an zata. Abin da ba a zata ba shi ne ya kasa riƙe barcinsa: bayan wani lokaci sai ya farka da kansa ba tare da an tashe shi ba. A tafki wannan halaka ce, domin ɗan da ya fito a tsakiyar hunturu ba zai tarar da abinci ba. A 2014 mutanen wannan jami'a suka yi irin wannan gwaji a kan wani furotin mai suna artemin, da kuma wani rukuni da ake kira LEA, duka biyun kuma juriyar ƙwan ta ragu.

Su furotin LEA suna da tarihin da ya shafi manomi. A cikin gurya aka fara gano su a 1981, domin ƙwayar auduga takan tara su yayin da take ƙosawa tana bushewa. Watau dabarar da ke sa irin auduga da na hatsi su kwana a rumbu har shuka ta gaba, ita ce wannan 'yar dabba ke amfani da ita.

Ɓawon ma da nasa ƙwayoyin gado. Masana a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin, ƙarƙashin Wei-Jun Yang, sun gano a 2009 wata ƙwayar gado da suka sa wa suna SGEG, wadda ke aiki a jikin uwar, a wurin da ake ƙera ɓawon. Da aka toshe ta sai ɓawon ya fito sakayau, ya kasa kare tayin daga hasken rana da sauran wahalhalu. Su ne kuma a 2017 suka amsa tambayar da ta fi duka muhimmanci, watau mene ne ke hana tubalan jiki ci gaba da rabuwa. Sun nuna cewa wani furotin mai suna SETD4 yakan sa alama a kan abin da aka naɗe rubutun gado a jikinsa, sai rubutun ya ƙulle tamau, a kasa karanta shi. Da aka hana shi aiki, tayin da ke cikin ɓawon bai tsaya inda ya kamata ba. Bayan shekara biyu, a 2019, suka ba da rahoton cewa irin wannan furotin yana sa waɗansu tubalan ciwon dajin mama yin likimo, su tsere wa magani, daga baya su farka. Wanda ya raina binciken ƙananan halittu, ga inda ya kai mu. A 2021 kuma masana na Jami'ar Ghent ta Beljiyam, inda aka kafa cibiyar nazarin Atemiya tun 1978, suka buga karatun rubutun gadon halittar.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai ƙyanƙyasa ya riƙe. Barcin iri biyu ne. Na farko makulli ne daga ciki: sabon ƙwan da uwa ta zubar, ko an sa shi a ruwa mai kyau da ɗumi ba zai tashi ba, sai ya sha bushewa ko sanyi mai tsanani tukuna. Na Tafkin Yuta sai ya kwana watanni a cikin sanyi, shi ya sa masu sarrafa shi ke ajiye shi a ɗakin ƙanƙara kafin su ɗura shi a gwangwani. Na biyu kuwa jira ne kawai: makullin ya riga ya buɗe, ruwa da iska da ɗumi kaɗai ake dako. Ƙwan da ke isowa kasuwarmu yana cikin barci na biyun ne, watau barci marar nauyi, wanda ɗan danshi ya isa ya motsa shi.

IRIN WANNAN A DUWATSUNMU

Kada a ɗauka sai an ƙetare teku ake ganin wannan abin al'ajabi. A kan falalen duwatsun arewacin Nijeriya akwai 'yan ƙananan kwarmi da ruwan sama ke taruwa a ciki, ya ƙafe cikin 'yan kwanaki. A cikin ɗan taɓon da ke gindinsu akwai wata jar tsutsa da ba ta kai santimita guda ba, 'yar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Wani masani mai suna Vanderplank ya ɗebo ta daga arewacin Nijeriya, a 1951 kuma Howard Hinton na Jami'ar Bristol a Ingila ya bayyana ta ga duniya da sunan Polypedilum vanderplanki.

Idan kwarmin ya ƙafe, tsutsar takan naɗe a cikin ɗan bututun taɓon da ta gina, ta bushe a hankali cikin kwana biyu, ta rasa kimanin kashi 97 cikin 100 na ruwan jikinta, tirehalos ya cika ta. Haka za ta wuce rani a kan dutse mai ƙuna. Ran da ruwan farko ya sauka, kafin awa guda ta soma motsi. Hinton ya sa busasshiyarta a sanyin digiri 270 ƙasa da sifiri, ya kuma sa ta na ɗan lokaci a zafin da ya haura digiri 100, ta farfaɗo. An sami wadda ta tashi bayan shekara 17 a bushe. Masanan Japan, musamman Takashi Okuda da abokan aikinsa a Tsukuba, sun zo nan ƙasar sun ɗebi irinta, a 2014 kuma su da masanan Rasha suka buga karatun rubutun gadonta. Sun tarar tana da ƙwayoyin gado 27 na furotin LEA, alhali 'yar'uwarta ta kusa da ba ta jure bushewa ba ta da ko ɗaya. A wani bincike na 2023 an kwatanta ƙwarin da aka ɗebo daga wurare shida na arewacin Nijeriya, Jos na cikinsu. Abin takaici ne a ce sunan wannan ƙwaro ya fi sanuwa a Japan fiye da garuruwan da yake zaune, ga shi kuwa masu fasa dutse suna cin mazauninsa kullum ba tare da sun san da shi ba.

AJIYA DA ƘYANƘYASA A YANAYIN JOS

Mu koma ga gwangwaninmu. Babban makiyin ƙwan Atemiya shi ne danshi. Busasshen ƙwai yana zuƙar laimar iska kamar yadda gishiri ke yi. Da ruwan jikinsa ya haura kashi 10 cikin 100, alewar nan da ke riƙe da shi ta fara saki, ya fara lalacewa. In ya ƙara jiƙa kuma tayin ya soma farkawa yana ƙona guzurinsa, alhali babu ruwan da zai fito ciki. Daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da daminar Jos ke cika iska da laima, gwangwanin da aka buɗe aka bari a kan kanta ba zai daɗe da kyau ba. In an buɗe shi, a raba garin ƙulli-ƙulli a leda mai kauri, a matse iskar, a ɗaure, a sa a firiji, a riƙa ɗaukar na bukatar rana kaɗai. Kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Wajen ƙyanƙyasa kuwa matsalarmu sanyi ce. Jos tana kan tudu mai tsawon mita 1,200 ko fiye, a watannin Disamba da Janairu kuma sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ƙwan yana son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 28. A irin wannan ɗumi zai fito cikin awa 24; a ruwan da aka bari a waje da daren hunturu kuwa sai a kwana biyu ana jira, ya fito tsilli-tsilli, 'ya'yan kifi na can suna yunwa, a ce ƙwan ne ba shi da kyau. A ɗumama ruwan, amma da ma'aunin zafi a hannu. Busasshen ƙwai yana jure zafi mai yawa, jiƙaƙƙe kuwa ya riga ya ajiye garkuwarsa: daga digiri 33 yakan dakata, in an wuce 40 ya mutu.

A zuba gishiri giram 15 zuwa 35 a kowace lita, da ƙwai da bai wuce giram 2 ba. Masu ganin cewa tun da halittar tafkin gishiri ce sai a cika mata gishiri, kuskure suke yi. Tayin yana fasa ɓawonsa ne ta hanyar mayar da tirehalos wani sinadari mai jawo ruwa, har ɓawon ya kumbura ya tsage. In gishirin waje ya yi yawa sai ya ƙona guzuri mai yawa kafin ya jawo ruwan, ya fito a makare kuma a rame. Yana bukatar haske mai ƙarfi, musamman a awoyin farko bayan ya jiƙa, saboda haka a rataya fitila a kansa. Yana kuma bukatar iska tana tasowa daga gindin mazubin ba yankewa. In wutar lantarki ta ɗauke, famfon iska ya tsaya, ƙwan yakan kwanta a ƙasa, iskar oksijin ta ƙare masa, ya koma barci har sai ta dawo, lissafin awa 24 kuma ya rushe. Famfo mai batir yana maganin wannan.

Da sun fito a kwashe su nan da nan, a raba su da ɓawon, domin ɓawon ba ya narkewa a cikin jaririn kifi. Sabon ɗan Atemiya bai kai rabin milimita ba, ba ya cin kome, guzurinsa yake ƙonawa. Cikin awa shida zuwa takwas yakan saɓule fata ya ƙara girma, ya rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na amfaninsa. A ruwan daɗi kuma 'yan awoyi kaɗan yake yi ya mutu, don haka a ba kifi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Ga tarwaɗa akwai wani sauƙi: tana cin ƙwan da aka narkar da ɓawonsa da ruwan bilic aka wanke sarai, ba sai an ƙyanƙyashe shi ba, kuma ana sayar da irinsa a shirye. Da wannan hanya har gwangwanin da ya rage ƙyanƙyasa yana iya amfani.

Kafin a yi wa uwar kifi allura, a ɗebi ɗan kaɗan daga ƙullin da za a yi aiki da shi, a gwada shi a kwalba da kwana biyu, a cikin ɗakin da ruwan da za a yi ainihin aikin. In ya fito da kyau a ci gaba. In bai fito ba, a dakatar da allurar har a gyara ɗumin ruwan ko a sami wani ƙwan.